Jar Akuya Ba Ta Gaza Ba: Martani ga Mai Cewa a Sayar da Awakin Gida

Kwanan baya wani malami da ke rubutu a kan noma da kiwo ya fito da wata shawara da ta ja hankalin mutane da yawa, musamman matasan da suka gama karatu suna neman abin yi. Ga abin da ya ce a taƙaice. Awakinmu na gida, wai, ci kawai suke yi ba sa biya, domin jar akuya da ƙyar take ba da rabin lita na madara a rana, alhali ta Turai irin su Saanen tana ba da lita uku ko fiye. Saboda haka ƙaramin manomi ya kora 'yan awakin gidansa kasuwa, ya haɗa kuɗin ya sayi ta Turai ɗaya ko biyu, ya kafa mata rumfa, ya raba ta da 'ya'yanta da wuri don madarar ta zama tasa, ya riƙa sayar da ita haka ko ya yi yogot. Ya kafa hujja da Kenya, ya kuma ƙara da cewa madarar akuya ta fi kowace kusa da nonon uwa, don haka kasuwarta ba za ta taɓa mutuwa ba.

Ban ga alamar Malam yana da wasu awakin Turai da yake nema wa masu saye ba, don haka na ɗauka da zuciya ɗaya ya yi magana. Akwai ma inda na yarda da shi. Muna wasa da madarar akuya a wannan ɓangaren na iyaka. A ƙauyukan Maraɗi da Damagaram mace takan tatsi akuyarta ta dama fura ko ta zuba wa yara a kunu, ba wanda zai ɗaga ido ya kalle ta. A ƙasar Kano da Zazzau kuwa sai ka tarar da gida mai awaki bakwai, yaran gidan duk a rame, amma ba a taɓa tara ƙwarya a ƙarƙashin hantsar ko ɗaya ba, ana jiran 'yar Fulani ta shigo da nonon shanu a saya. Wannan sakaci ne, kuma ya kyauta da ya faɗa. Daga nan ne hanyarmu ta rabu.

Kafin a ce wa maigida ya sayar, sai a fara tambaya tukuna: awakin na wane ne? A yawancin gidajen karkara na mata ne. Wata uwarta ce ta ba ta lokacin da aka kai ta ɗaki, wata da kuɗin adashi ta saya, wata da ribar ƙuli-ƙuli ko daddawa. Maigida yakan yanko ciyawa, yakan kwashe takin ya kai gona, amma ba ya kwance igiya ya nufi kara sai da izinin mai ita. Yaro ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi kuma bai nuna ba, sai a kama ɗan bunsuru guda a kai kasuwa, a sayi magani, a auno masara, sauran suna nan a turke. Aka tashi haɗa wa 'ya kayan ɗaki, a kama biyu. Matar da ta tattara awaki shida ta mayar da su ɗaya mai tsada ta zama kamar wanda ya shiga kasuwar ƙauye da babbar takardar kuɗi guda ɗaya, babu mai canji. Ba za ta yanki cinyar akuyar ta sayar don a yi wa yaro allura ba. In kuwa akuyar ta mutu, to shi ke nan, an tashi wasa. Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗa ba: duk dabbar da ta yi tsada ta fara shigo da kuɗi kullum, ba ta daɗewa a hannun mace. Sannu a hankali sai ka ji ana ce mata ta gida, kowa kuma ya san wanda ke riƙe da aljihun gida.

Mu shiga lissafin litar da Malam ya ɗora komai a kai. Lita ukun nan gaskiya ne, a inda aka auna su. Saanen asalinta wani kwari ne mai sanyi a ƙasar Siwizalan, inda ciyawa ke da yawa, ruwa kuma ba a saye. Jikinta ya kai ninki biyu na jar akuya, cikinta ma haka. Duk abin da za a tatsa a hantsa sai ya fara shiga ta baki.

To, a kawo ta wani ƙauye a ƙasar Gumel ko Illela a watan Afrilu. Zafi ya haura digiri 40, ita kuma fara ce sol, fatarta ba ta jure rana. Da zafi ya takura mata sai ta rage ci, madara ta ja baya. Harawar wake da ta gyaɗa da aka jibge a kan rufin ɗaki da rassan bishiya tun kaka ta ƙare ko ta kusa. Wadda ke kasuwa ta yi tsadar da ba ta yi lokacin girbi ba, domin masu turke raguna da shanu su ma ita suke bi. Dusa tana bin farashin masara, in ya tashi ta tashi. Ga ruwa. A garin da mata ke kafa layi a tuƙa-tuƙa tun asuba, ko ake saye wurin 'yan garuwa, akuyar da ake tatsa tana da nata bokitin daban, tunda kusan kashi 87 cikin ɗari na madara ruwa ne. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ban gani ba a lissafin Malam. Ya rubuta abin da zai shigo, ya bar abin da zai fita.

A wannan watan dai jar akuya takan fita da safe, ta kuma san inda za ta. Gawo, wanda ke kakkaɓe ganyensa da damina ya fitar da sabo da rani, yana zubo 'ya'yansa daidai lokacin da komai ya bushe, har yara kan tsinta su cika buhu a kai kasuwa. Ta bi ƙarƙashin bagaruwa da magarya da aduwa, ta miƙe a kan ƙafafun baya ta kamo ganye, ta yi kalen ƙaiƙayi a masussuka, da yamma ta dawo a ba ta ruwan dusa da 'yar kanwa. Za ta rame, ƙashin bayanta ya fito, amma za ta kai damina da ranta, sau da yawa ma da ciki. Rabin litar da ake mata gori a kai, a kan wannan abincin take bayar da ita. Duk wanda ya taɓa ware akuya mai shayarwa ya riƙa ba ta harawa da dusa safe da yamma ya san yadda hantsarta ke sauyawa. Ban ce za ta kamo Saanen ba, ba za ta kamo ta ba. Amma kafin a yanke hukuncin cewa jininta ne ya gaza, a fara ƙosar da ita a gani.

Madara ma ba ita ce babban abin da take biyan mai ita da shi ba. Cikinta wata biyar ne. Tagwaye a wurinta ba labari ba ne, wani lokaci har uku, in kuma tana samun abinci takan haihu sau uku cikin shekara biyu. Da damina, lokacin da ake ɗaure su don kada su shiga gonakin mutane, takin da ke taruwa a ƙarƙashinsu shi ake lodawa a mangala a kai gona kafin shuka ta gaba. Ƙasar da ke kewaye da Kano, wadda aka daɗe ana nomawa shekara bayan shekara ba hutu, da wannan takin da tokar gida take riƙe da ƙarfinta, balle yanzu da buhun takin zamani ya fi ƙarfin mutane da yawa. Fatar jar akuya kuwa a bayan raƙuma ta ƙetare Sahara ta kai Turai, inda aka san ta da fatar Maroko, ana yi wa littattafai bango da ita. Har gobe majemun Kano, daga na gargajiya na Ƙofar Wambai zuwa kamfanonin Sharaɗa da Challawa, ita suke nema. Na sani mahauci da dillalin fata ne suka fi cin wannan ribar, amma tana cikin kuɗin da ake taya akuyar a kara.

Shawarar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta raba ɗa da uwa da wuri. A gonakin Turai ana yin haka ne domin akwai garin madara na musamman da ake dama wa 'ya'yan a kwalba, akwai kuma wanda aikinsa ke nan. Mu nan da me za a shayar da su? Babbar asarar mai kiwon awaki a ƙasar nan ba ƙarancin madara ba ce, mutuwar 'ya'ya ce a watannin farko, ga sanyin hunturu, ga gudawa, ga yunwa in tagwaye ne uwar kuma ba ta ƙoshi ba. Wanda ya ƙwace madarar don ya sayar ya ci ribar yau ne da kuɗin gobe. Matan da suka iya tatsa ba haka suke yi ba. Kwanakin farko ba a taɓa hantsar, domin dakashi na ɗan ne, shi ne rigakafinsa, kuma a sa'o'in farko jikinsa ya fi karɓarsa. Sai ya yi ƙwari ya fara taunar ganye, sannan a riƙa kulle shi a wani ɗaki da dare. Da asuba a ɗaure uwar, a zuba mata dusa don ta tsaya, a wanke hannu, a goge hantsar da ruwan ɗumi. Tatsar farko a feshe ta a baƙin ƙoƙo a duba: in an ga gudaji ko jini-jini, hantsar na ciwo, ba a sha. In lafiya lau ce, a tatsi gefe guda a bar wa ɗan ɗaya gefen, mai tagwaye kuma a ƙyale ta. A tace da tsabtataccen ƙyalle, a ɗora a wuta. Bunsuru a nisanta shi da wurin, domin warinsa ne ke kama madarar har mutane su ce madarar akuya ƙarni gare ta. Abin da za a samu kofi ɗaya ne ko biyu. Ba zai cika jarkar kai wa birni ba, amma zai shiga kunun yaran gidan.

Cuta kuwa Malam ya tsallake ta kamar babu ita. Annobar nan ta PPR, mai zuwa da majina da ciwon baki da gudawa, tun 1942 aka fara gano ta a Kodebuwa, kuma har yau takan shiga gari ta share turaku. Abin takaici, ƙwayar da aka sarrafa rigakafin da ake amfani da shi a ƙasashe da yawa da ita, a Najeriya aka samo ta a 1975, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yin allurar, allura guda tana kare akuya shekara uku ko fiye, hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da cutar, amma ƙauyuka da yawa ba sa ganin mai allurar sai bayan an gama mutuwa. Sau da yawa kuma daga kara take shigowa: a sayo sabuwa ranar kasuwa, a sake ta cikin na gida a ranar, alhali da an ɗaure ta gefe na mako uku da an ga abin da take ɗauke da shi. Da damina ga tsutsar ciki mai shan jini. Ka ja fatar idon akuya ta ƙasa, in ka ga cikinta ya yi fari maimakon ja, ƙasan haɓarta kuma ya kumbura, to ta kusa. Wannan duk a kan akuyar da kakanninta suka saba da ƙasar ne. Baƙuwar da ba ta san kaskarmu ba fa? Garkunan madara na Turai da Amurka ma suna da tasu cutar mai kumbura gwiwoyi, wadda ke bin madara daga uwa zuwa ɗa, ba ta kuma da magani. Wa zai gwada wa mutumin ƙauye jinin akuyar kafin ya biya?

A ce duk an tsallake waɗannan, akuya ta rayu, ga lita biyu a hannu da hantsi. Wa zai saya? Ɗanyar madara a zafinmu 'yan sa'o'i take yi ta juya. Babu wuta, babu firji, birni kuma da nisa, kuɗin mota ya cinye ribar lita biyu. Maƙwabta ba su saba sayen madarar akuya ba. Masu yogot na birni yawancinsu da garin madarar waje suke aiki, domin ba ya lalacewa kuma kullum akwai shi. Man da 'yar Fulani ke cirewa ta ƙara samun kuɗi, a madarar akuya ba ya tasowa sama da sauƙi. Ko da jar akuya za a yi sana'ar, wata uku zuwa huɗu take ba da madara ta ɗauke, mai saye kuwa yana so kullum. Buzaye da Fulanin arewacin Nijar sun daɗe da warware matsalar rashin firji: su daskarar da madarar su shanya ta a kan tabarma ta zama cuku, ya yi watanni bai lalace ba, a kai shi har kasuwannin kudu. Da Malam ya ce a koyi wannan, da na bi bayansa.

Kenyar da ya kafa hujja da ita, in aka duba da kyau, a kansa take juyawa. Aikin da ƙungiyar Farm Africa ta yi a yankin Meru tun shekarun 1990 a gindin Dutsen Kenya ne, ƙasar da ke samun damina sau biyu a shekara. Ba a ce wa kowa ya sayar da awakinsa ba. An kawo bunsuran Toggenburg aka ajiye a hannun ƙungiyoyin manoma, kowa ya kawo akuyarsa ta gida a yi mata barbara. An horar da mutanen ƙauyukan su duba lafiyar dabbobi su sayar da magani. An shuka ciyawa da bishiyoyin ganye a gefen gonaki tun kafin awakin su iso. An kafa masu kiwon tsantsar jinin don kada bunsuru ya yanke, domin nan ne irin wannan aiki ya saba mutuwa: 'ya'yan farko su yi kyau, bayan haihuwa biyu ko uku jinin ya narke, a koma gidan jiya. Malam ya ɗauko akuyar ya baro duk abin da ke riƙe da ita.

Maganar kusanci da nonon uwa kuwa ina roƙonsa ya janye ta, domin akwai uwar da za ta karanta ta gaskata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jariri nonon uwa zalla zai sha har wata shida. Madarar akuya tana da ƙarancin sinadarin folet, jaririn da aka ɗora a kanta yakan kamu da ƙarancin jini, gishirin da ke cikinta kuma ya yi wa ƙodarsa nauyi. Ga babba ma ba a shan ta ɗanya. A 1905 wani likita ɗan tsibirin Malta mai suna Zammit ya gano cewa zazzaɓin da ya addabi sojojin Ingila a can daga madarar awaki yake zuwa, da aka hana su sha kuma cutar ta ja baya. Ita ce cutar da ke sa dabba ɓari, tana kuma nan a garkunanmu. Tafasawa ce maganinta, sannan kada a taɓa abin da akuya ta ɓarar da hannu tsirara.

In jinin ne ake son gyarawa, akwai inda za a fara ba tare da jirgin sama ba. A kara, bunsurun da ya fi girma shi ya fi kuɗi, don haka shi ake fara kamawa. Wanda ya tsumbure, ba mai taya shi, shi ke zama a unguwa yana hawan uwarsa da ƙannensa. Shekara da shekaru muna zaɓe, amma ta baya. Gyaran ba ya cin kuɗi: a dandaƙe marasa kyau su zama taure su yi ƙiba, a bar ɗan akuyar da ta fi madara da riƙon 'ya'ya, bayan shekara ɗaya ko biyu a yi musanyarsa da na wata unguwa. 'Ya'ya mata na mai babbar hantsa a daina sayar da su. A Maraɗi akwai cibiyar da gwamnatin Nijar ke irin wannan aiki a kan jar akuya tun shekarun 1960, tana zaɓe tana raba bunsura ga ƙauyuka. A Shika kusa da Zariya ga cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ma'aikatar kiwo ta tarayya da aka kafa a 2024, in tana da kuɗin da za ta kashe a kan awaki, ta kai allurar PPR ƙauye a kan kari cikin sanyinta, ta samar da zaɓaɓɓun bunsura, ta taimaki mutane su adana harawa tun kaka, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Ban ce kada kowa ya kiwata akuyar Turai ba. Mai rijiyar burtsatse a gefen birni, mai firjin sola, mai likitan dabbobi a waya da masu saye a hannu, ko wanda ke tudun Jos ko Mambila inda sanyi ke taimakonsa, ya gwada, kuɗinsa ne, in ya faɗi ba zai kwana da yunwa ba. Amma Malam ba da shi yake ba. Da ƙaramin gida yake, a nan kuwa sai ya kawo shaida. Ya je wurin waɗanda suka riga suka saya a Jigawa ko Katsina ko Sakkwato, ya tambaye su nawa suka saya, nawa suka rage bayan bazara ta biyu, nawa suka kashe a harawa da dusa da ruwa da magani daga Maris zuwa Yuni, lita nawa suka sayar, kuma wa ya saya. Ya tambayi matan gidan su ma, ba mazan kawai ba. In ya buga amsar, zan karanta.